Allon Aro da Saƙon Kaka

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Abakar. A gidanmu na Omdurman a ƙasar Sudan ba ma tara jama'a don wannan rana. Inna takan dafa shayi da madara fiye da wanda za mu iya shanyewa, ta soya zalabiya, fanken ƙasar nan, a rarraba wa maƙwabta, a yi masa addu'a bayan la'asar, shi ke nan. Ni kuwa kowace shekara nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in zauna da biro a hannu in rasa ta inda zan kama. Bana na haƙura da faɗin komai. Labarin kwana goma kawai zan bayar daga cikin rayuwarsa, da na wani allon kwamfuta da ya aro.

Yaya Abakar mai gyaran kwamfuta ne. Kowace safiya yakan hau bas ya ƙetare gada zuwa Khartum, takardar shaidar gama hidimar ƙasa tana aljihunsa na gaba, saboda sojojin da kan tare mota su sauke samari. Yana aiki a wani ɗan shago a saman bene kusa da babbar kasuwa, shagon abokinsa Mu'utasim. Lokacin takunkumi ya matse ƙasar, kayan kwamfuta sai dai a jakar matafiya daga Dubai, a naɗe cikin riguna. Don haka masu gyara na wancan zamani suka koyi tatsar abin da ke hannu har sai ya ba da iyakar abin da yake da shi.

Abin da Yaya ya fi so a duk sana'ar shi ne abin da 'yan kasuwarsu ke kira kasrus sur'a, wato a sa kwamfuta ta yi gudun da ya wuce wanda masu ƙera ta suka yanka mata. Ya sha yi mini bayani ina zaune a kan gadon igiya da littattafan makaranta, shekaruna sha shida. A cikin kwamfuta akwai ɗan ƙaramin abu mai faɗin akwatin ashana, furosesa, shi ke yin duk lissafi. Yana zaune ne a kan wani babban allo da suke kira mazabod, kuma allon ne ke ciyar da shi wuta daidai gwargwado. In ka ƙara masa wuta sai ya ƙara sauri, in ya ƙara sauri sai ya ƙara zafi. Allon araha mataki biyu ko uku yake bari ka hau, daga nan ya ƙi. Allo mai tsada kuwa, irin wanda aka ƙera don masu wannan sha'awa, ƙofa yake buɗe maka ya ce bismilla.

Gaskiya ba duka nake fahimta ba. Ni allon kansa nake kallo. In ya fito da shi ya ajiye a kan jarida, sai in ga kamar gari ne aka hango daga sama, ga tituna sirara masu ruwan zinariya, ga tankunan ruwa a jere, ga fili a tsakiya inda ake jiran wani babba ya zo ya zauna. Na taɓa gaya masa haka. Ya ce, "To ki riƙa taka garin da ido, Nafisa, ban da yatsa."

A gidan akwai kakarmu, Hajja Kande. Mu ƙanana Habboba muke ce mata kamar sauran yaran unguwa, shi kaɗai ke ce mata Kaka, ko amarya in yana jin tsokana, ita kuma ta ce masa maigida. Tana 'yar shekara sha huɗu ta baro wani ƙauye a ƙasar Haɗeja tare da baffanta da ke riƙon ta, suka nufo gabas da ƙafa da niyyar hajji. Sun yi hajjin bayan shekaru, amma komawa ba ta yiwu ba. Ta bar ƙanwa a gida, Delu, yarinya 'yar shekara bakwai. Fiye da shekara sittin babu wadda ta ji ɗuriyar wata.

Ɗaliban Najeriya da Nijar da ke karatu a jami'o'in Khartum sukan zo mana ranar Juma'a su ci tuwo da miyar kuka, su ji Hausa a bakin tsofaffi. Cikinsu akwai Malam Lawan, mutumin Haɗeja. Shi ne ya je hutu gida ya yi ta cigiya, ya dawo ya durƙusa gaban Kaka ya ce Delu tana nan da ranta, idonta garau, kunne ne kawai ya ɗan yi nauyi. Ban manta yadda Kaka ta riƙe carbinta ba tare da ta ja ko ƙwaya ɗaya ba. Bayan shekara guda Malam Lawan ya gama karatu, aka sa ranar jirginsa, wata Juma'a da safe. Saura kwana goma ya zo ya ce in da saƙo a shirya.

Inna ta ce a ɗauki muryar Kaka a kaset, kamar yadda kowa ke yi. Yaya ya ce a'a, Delu sai ta ga fuskar yayarta. Malam Lawan ya tabbatar cewa jikan Delu yana da na'urar kallon faifai da ɗan janareto. Yaya ya aro kyamara wajen wani mai ɗaukar biki, ya koya mini riƙe ta. Kaka ta fito cikin tob ɗinta mafi kyau, lulluɓin nan irin na matan Sudan, ta zauna, ta dubi kanta, sai ta tashi ta koma ɗaki. Ta dawo da zane da ɗankwali. Ta ce, "A cikin wancan ba za ta gane ni ba."

Ta yi magana sama da awa ɗaya. Ta faɗi garuruwan da suka ratsa, da inda matar baffa ta rasu aka binne ta a gindin wata bishiya, da shekarun tsintar auduga a Jazira ta nan Sudan, da ranar da ta fara ganin teku ta ɗauka sama ce ta faɗo ƙasa. Ta faɗi yadda ta haɗu da kakanmu, ta lissafa 'ya'ya da jikoki, na raye da na mace. Can wajen ƙarshe sai muryarta ta canza, ta daina ba da labari ta koma yi wa mutum ɗaya magana. Ashe ran da za su taso, da ta ga Delu za ta yi kuka, ce mata ta yi kasuwa za ta, yanzu za ta dawo mata da alewa. Wannan ƙaryar ce ta ɗauko a ka tun daga Haɗeja. Ta dubi kyamarar ta ce, "Delu, ki yafe mini."

Daga nan aiki ya koma hannun Yaya. Sai kwamfuta ta juya abin da kyamara ta ɗauka ta mayar da shi irin wanda na'urar ƙauye za ta iya karantawa. Ɗakin Kaka da duhu, don haka ya sa kwamfutar ta haskaka fuskar hoto bayan hoto, wannan kuwa ya ƙara wa aikin nauyi. A tsohuwar kwamfutarmu yana buƙatar kusan awa bakwai a jere. Bazara ce, kogin da madatsarsa ke ba da wuta ya ja baya, wutar lantarki a unguwarmu takan zo da safe ta ɗauke wajen azahar, awa biyar in an yi sa'a. Sauran lokaci leƙowa kawai take ta koma. In ta ɗauke ana tsakiyar aiki, sai a faro daga farko. Shago kuma ba dama, don janareton benen tari yake yi, Yaya bai yarda da shi ba ko a kan aikin baƙo.

Ya shiga shuɗin shafin nan da ake canza saituna, ya hau duk matakan da tsohon allonmu ya yarda a hau. Awa bakwai ta dawo shida. Kwana uku yana farawa da zarar fanka ta motsa, kwana uku wuta tana ɗaukewa aiki ya kusa ƙarewa. A rana ta uku Kaka ta leƙo ɗakin da sandarta.

"Maigida, yau ma bai dahu ba?"

"Saura ƙiris, amarya."

"Ni da na tako daga Haɗeja ban ce saura ƙiris yawan yadda kake faɗa ba. A yanka shi gida-gida mana. Mu da muka zo, a yini ɗaya muka zo? Zango muke yi."

Ya yi murmushi ya ce, "Kaka, wannan ba tafiyar jaki ba ce."

"Jakin dai ya kawo ni," in ji ta, ta juya.

Ya gaya mini ba ya son yankawa ne don kada na'urar ƙauye ta riƙa tsayawa a mahaɗar. Wataƙila da gaskiya a ciki. Amma na san yayana. Awa ɗayan nan da ta rage tsakaninsa da wuta ta zama abokiyar kokawarsa, kuma yana son ya kayar da ita da hannunsa.

Washegari ya dawo daga Khartum rungume da wani kwali mai sheƙi. Wani mai hali ne ya sa aka kawo masa allon daga Dubai, ya yi tafiya, sai bayan mako biyu zai karɓa. Mu'utasim ya ba Yaya aro da sharaɗin ko ƙwarzane kada a gani. Ban taɓa ganin Yaya ya wanke hannu don zai taɓa ƙarfe ba sai ran nan. Allon baƙi ne, tankunansa sun ninka na namu, ga fikafikan jan ƙarfe masu shanye zafi, har da wata 'yar fanka tasa ta kansa. Ya daɗe yana kallon sa kafin ya ɗora furosesanmu a kai. Fuskarsa irin ta mutumin da ya daɗe yana jin labarin wani gari yau ga shi a ƙofarsa.

Abin da bai sa a lissafi ba shi ne, canza allo kamar ƙaura ne. Sai da ya sake zuba wa kwamfutar komai daga tushe, wutar yini guda ta tafi a haka. Rana ta gaba ya yi ta hawa mataki yana gwadawa, kwamfutar ta mutu ta tashi, ya sauko kaɗan, ya sake hawa. Ya buɗe gefen akwatin ya kafa masa fankar tsaye ta ɗakin Inna, mu muka koma fifita da mafici. Ranar Litinin ya ce ya samu wurin tsayawa. Ya sa aikin tun safe, muka zauna muna kallon ɗan layin da ke cika a hankali. Ya cika ana kiran azahar. Ya kwafe shi a faifai, yana fito da faifan fanka ta tsaya. Yaya ya yi tsalle kamar ba shi ne babba a gidan ba, ya je ya sumbaci kan Kaka ya ce, "Amarya, jirgi ya riga jaki."

Sai da safiyar Talata wuta ta dawo muka kai faifan gidan maƙwabcinmu mai na'ura. Minti na farko lafiya. Daga nan fuskar Kaka ta fara tsattsagewa gida-gida, wani gidan kore, wani ruwan hoda, bakinta ya rabu da haɓarta. Can ya gyaru, can ya sake wargajewa. Wurin da take neman gafara ya fi ko'ina lalacewa, don shi ne kwamfutar ta yi a lokacin da rana ta take. Kaka ta matso da fuskarta kusa da talabijin ta ce, "Wannan aljanar za ku aika wa Delu? Ai sai ta ce gara da ban dawo ba." Kowa ya yi dariya ban da Yaya.

Daga baya ya fahimtar da ni abin da ya faru, kuma ban ji ya ɗora wa allon laifi ko sau ɗaya ba. Tsohon allonmu da an matsa masa sai ya kashe kansa, ka san ka wuce gona. Sabon yana da ƙarfin da zai ci gaba da ba da wuta tsaf, ya riƙe kwamfutar a tsaye, alhali furosesan da ke kansa ya jigata da zafin Omdurman yana ta kuskuren lissafi a ɓoye. Allon ya yi duk abin da aka ce zai yi. Ɗakinmu ne bai canza ba, da furosesanmu, da watan da muke ciki.

Kwanakin baya na hau benen nan na Khartum don a duba mini kwamfutar da nake shirya darasi da ita, don yanzu ina koyar da adabi a wata makarantar 'yan mata. Mu'utasim yana nan, gemu ya yi fari. Shagunan sun cika da akwatuna masu bangon gilashi, fitilu na canza launi a ciki, wasu har da bututun ruwa mai sanyaya furosesa. A ƙasa mutane na layin burodi, a sama samari na jayayya a kan wane allo ya fi. Na tambayi Mu'utasim ko har yanzu ana kasrus sur'a. Ya ce ana yi, amma furosesan yanzu da kansa yake ƙara gudu in ya ji sanyi, ya rage in ya ji zafi, abin da ya rage a tatsa kaɗan ne. Ya ce, "Rabinsu fitilun suke saya, ya ustaza. Da Abakar yana nan da mun sha faɗa."

Na dawo gida a bas ina tunanin ko faɗan me za su yi. Ba na jin Yaya zai raina fitilun. Na tabbata zai tsaya gaban gilashin nan ya manta da lokacin sallah sai an taɓa shi. Amma in saurayi ya tambaye shi ko allo mai tsada ya cancanci a saya don a ƙure gudu, na san ba zai amsa da e ko a'a ba, don na ji shi yana amsa irin wannan tambaya a shekarunsa na ƙarshe. Yakan ce, "Ɗakinka da na'urar sanyi?" In an ce babu, sai ya tambayi yadda wutar unguwa take. Daga nan ya jima yana juya sukudireba a hannu, sannan ya ce, "Me za ka ɗora a kanta? Naka ne ko na wani?" Mai allon nan da aka aro ya yi shekaru yana jin daɗinsa a ɗaki mai sanyi, yana wasanninsa, in kwamfuta ta faɗi ya tashe ta ya yi dariya. A wurinsa allon ya biya. Yaya bai taɓa musun haka ba.

In koma kan kwanakin nan. Talata ta riga ta tafi. Ranar Laraba, maimakon ya yanka aikin, sai ya sauko mataki biyu ya sake sa shi gaba ɗaya. Ran nan wuta ko awa uku ba ta yi ba. Ya zauna gaban baƙin gilashi, zufa na ɗiga daga haɓarsa har la'asar.

Ranar Alhamis da sassafe ya shiga shuɗin shafin ya mayar da komai yadda masu ƙira suka bar shi. Allo mai tsada ya koma tafiya irin ta allon araha. Ya kira ni ya ce ba zai amince wa wuta fiye da awa biyu ba, abin da zai samu a ciki bai wuce minti ashirin na maganar Kaka ba.

"Ke kika riƙe kyamara. Wanne za a ɗauka?"

"A tambayi Habboba mana."

"Ba zan iya zuwa gabanta da wannan tambayar ba, Nafisa. Ki zaɓa."

Na tuna bishiyar da aka binne matar baffa, na tuna teku. Su na fi so, su ne suka yi kama da waƙa. Amma na ce a ɗauki ƙarshen. Ya sa, ya kammala, muka gwada a gidan maƙwabci, fuskar Kaka ta fito sarai har ana ganin tsagen kumatunta. Ya dawo da gudu ya sa kashi na biyu, wuta ta ɗauke kafin ya kai rabi. Da yamma Malam Lawan ya zo sallama, aka ba shi faifai ɗaya a naɗe cikin ɗankwali, da turaren wuta, da dabino.

Sauran labarin Yaya ya gama shi a safiya huɗu bayan jirgi ya tashi, zango-zango, a kan tsohon allonmu, don ya riga ya mayar da na aro. Babu inda na'ura ta tsaya a mahaɗa. Ya sa faifan a cikin akwatin Kaka ana jiran matafiyi. A lokacin ba kowane wata ake samun mai zuwa Haɗeja ba, ɗalibai sai ƙarshen shekarar karatu, wasu ma sai sun shekara biyu.

Bayan wata huɗu wani sabon ɗalibi ya iso da kaset daga hannun Malam Lawan. Muka taru a tsakar gida. Aka ji kukan akuya, aka ji wani yana cewa ta yi magana an kunna, sannan wata murya ta fito, muryar Kaka sak, sai dai ta fi ta kaifi.

"Kande, na gan ki. Kin tsufa. Kin koma Innarmu, har yadda take tura ɗankwali gaba. Sau shida aka sa mini. Zancen alewa kuwa, damina biyu na yi ina zuwa bakin hanya, daga nan na gane, na kuma yafe tun ban san ana cewa yafewa ba. Kada ki ƙara kuka a kan wannan. Amma ke, wa ya koya miki fara zance daga ƙarshe? Ba ki gaya mini ta ina kuka bi ba. Wa kika aura? Yana da kirki? Me ya hana ki dawowa? Ki aiko mini da sauran, ina nan ina jira."

Kaka tana dariya tana share ido da bakin zane, tana cewa a mayar baya. Yaya ya tashi a hankali ya shiga ɗaki. Amsar duk tambayoyin nan tana cikin akwati, taku biyar daga inda muke zaune.

Faifan ya tafi a ƙarshen shekarar karatu. Malam Lawan ya bugo waya shagon Mu'utasim ya ce ya karɓa, amma an yi makonni da binne Delu. Kaka ba ta taɓa ce wa Yaya komai a kan wannan ba, ko da wasa, ita da ba ta barin tsokana ta wuce ta. Takan ce abin da ya fi nauyi ya isa, sauran hira ce, za su ƙarasa a can. Ina ganin shirun nata ya fi masa ciwo a kan faɗa.

Bai daina kasrus sur'a ba, kuma na ji daɗi da bai daina ba. Abin da ya canza shi ne ya raba kwamfutocinsa biyu. Ɗaya yana ce mata ta wasa, ɗaya ta amana. Kundin digirin ɗalibai, hotunan bikin mutane, duk abin da wani ya miƙo masa da hannu biyu, a kan ta amana yake yi, ba ya ƙara mata ko mataki ɗaya komai gaggawar mai aiki. Daga baya har ya sayi allo mai tsada nasa na kansa ya ɗora a ta wasa, yakan ƙure ta da sanyin hunturu ya kira ni in ga lambobin da ban san ma'anarsu ba. Na tambaye shi ko ya biya shi. Ya ce, "Ƙwarai. Na san abin da na saya. Daɗi na saya." Kaka ta rasu shekara biyu bayan Delu. Shi kuma ciwon ƙoda ya ɗauke shi bai cika talatin da biyu ba.

Nakan zauna in auna abin da ya rage nasa. Kwamfutocin biyu sun tsufa har ba mai karɓar su kyauta, allon da ya yi alfahari da shi yanzu wayar da ke jakata ta fi shi sauri. Ɗaliban da ya yi wa aiki sun watsu a Kano da Damagaram da Sakkwato, ban sani ba ko suna tuna sunansa. Abin da na gada a wurinsa ɗabi'a ce ƙarama. In ɗaliba ta ba ni rubutunta na farko, ta tsaya tana murza gefen mayafi, ba na karanta shi a tsaye ko a cikin bas. Na san iyakata ta fi kusa fiye da yadda nake ji in ina cikin sauri.

Bara wata lamba ta Najeriya ta kira ni. Hassana ce, jikar Delu, ta samu lambata a wajen Malam Lawan. Ta ce faifan nan na biyu sun yi ta kallon sa har ya ƙwarzane, ko muna da wani. Na nemo namu, aka juye mini shi a waya, na tura mata gaba ɗaya daga farko har ƙarshe. Kafin ruwan shayi ya tafasa ya isa Haɗeja. Na zauna da wayar a cinya na rasa ko murna zan yi. Kwana goma na Yaya, da zufarsa, da fankar Inna, ga abin da suka koma.

Bayan kwana biyu ta aiko da saƙon murya. Ta yi godiya, ta gaishe da Inna, sannan ta ce, "Anti, don Allah wane ne wannan mai dariya a baya? Wanda ya ce, Kaka nan za ki duba, ba Nafisa ba?"

Tun rasuwarsa ban iya kallon faifan ba. Na kunna. Kaka na gyara zama a farkon hoton, tana kallon fuskata maimakon kyamara, sai ga muryarsa daga bayan kafaɗata, da dariyar nan tasa mai fita ta hanci. Ba mu da wani abu a duniya da ya riƙe muryarsa sai wannan, kuma ban san tana ciki ba.

Na gaya wa Hassana yayana ne, shi ya haɗa faifan, ya rasu. Ta yi masa addu'a. Sannan ta ce in yi haƙuri da abin da za ta faɗa, amma yaran gidansu sun daɗe da haddace dariyar. In ɗayansu ya yi ta, sai kowa ya ce ga mutumin Sudan nan ya shigo.